Shekara 10 da baftisma ban taɓa magana da harsuna ba: ashe ban girma ba ke nan?

Tambaya: Baba Fasto, salama a gare ka. An yi mini baftisma shekara 10 da suka wuce, amma ban taɓa magana da harsuna ba, ban taɓa ganin wahayi ba. Wani da ake kira annabi ya ce har yanzu ni jaririya ce a ruhu, wai sai na shuka iri na kuɗi, na sayi man shafewa a wurinsa kafin in matsa gaba. Abin yana hana ni barci, ga shi har yau ina fama da saurin fushi. Ashe ban girma ba ke nan?

Amsa: 'Yata, salamar Ubangiji ta kasance tare da ke. Kafin komai, ki riƙe kuɗinki. A Samariya wani Siman mai sihiri ya miƙa wa manzanni kuɗi don su ba shi ikon ɗora hannu a karɓi Ruhu Mai Tsarki. Bitrus bai yi masa sanyi ba, ya ce kuɗinsa su hallaka tare da shi, tun da ya zaci baiwar Allah abin saye ce (Ayyukan Manzanni 8:18-20). Wannan annabin naki sana'ar Siman ya gada, sai dai shi ya koma gefen mai sayarwa.

Amma abin da ya fi ci mini rai ba maganar kuɗin ba ce. Koyarwar da ke ƙarƙashinta ce, wadda kusan kullum nake ji a bakin masu bi: wai baye-bayen Ruhu, irin su harsuna da wahayi, su ne ma'aunin girma a ruhu. Wa ya faɗa? Ki buɗe Korantiyawa ta fari. A 1:7 Bulus ya shaida cewa ikilisiyar nan ba ta rasa baiwa ko ɗaya ba. Harsuna, annabci, sani, duk akwai. Ki juya zuwa 3:1-3, mutanen nan dai ya kira jarirai cikin Almasihu, masu shan madara. Dalilinsa? Kishi da jayayya. Wannan ya ce shi na Bulus ne, wancan ya ce shi na Afolos ne, wani mai wa'azi. Suna kai juna ƙara gaban alƙalai marasa bi, wani yana buguwa a wurin Jibin Ubangiji ɗan'uwansa na zaune da yunwa. Da a ce harsuna ne girma, da Koranti ta fi kowace ikilisiya manyanta. A 12:30 kuwa ya yi tambaya a fili ko duka ne ke magana da harsuna, amsar da yake nufi kuma a'a ce.

Ban raina baye-baye ba, Ruhu ne ke raba su yadda ya ga dama, domin gina ikilisiya. Amma Yahuza Iskariyoti yana cikin sha biyun da aka bai wa ikon fitar da aljanu da warkarwa (Matiyu 10). Kayafa babban firist ya yi annabci a daidai lokacin da yake ƙulla kisan Yesu (Yohanna 11:51). Ubangiji da kansa ya ce a ranar nan mutane da yawa za su zo da annabci da al'ajiban da suka yi da sunansa, ya ce musu bai taɓa saninsu ba (Matiyu 7:22-23). Ina mamakin yadda masu sayar da mai ba sa taɓa wa'azi a kan wannan aya. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Haɗarin koyarwar nan biyu ne. Tana sa mai tawali'u irinki ya fid da zuciya, tana sa mai baiwa ya ɗauka ya wuce gyara. Daga nan sai ka ga mutum yana rawar jiki a sujada, matarsa na kuka a gida, bashin mutane na wuyansa, ba mai iya tsawata masa don wai shafaffe ne.

Ma'aunin da Nassi ya bayar yana Galatiyawa 5:22-23: ƙauna, farin ciki, salama, haƙuri, kirki, nagarta, aminci, tawali'u, kamun kai. Ibraniyawa 5:14 ta ƙara da cewa manya su ne waɗanda yau da gobe ta horar da hankalinsu har suna rarrabe nagarta da mugunta. Afisawa 4:14 kuma ta ce yaro shi ne wanda kowace iskar koyarwa ke kwasa. Da ba ki tsaya kin yi tambaya ba kika ruga sayen mai, da na fi jin tsoro.

Game da fushi: damuwar da kike yi a kansa aikin Ruhu ne, ba alamar rashinsa ba. Bulus bayan shekaru yana hidima ya rubuta daga kurkuku cewa bai riga ya kammala ba, yana dai nacewa (Filibiyawa 3:12). Amma kada ki mai da wannan hujjar zama da halin. Ki duba: in kin yi fushi yanzu, kina saurin neman gafara fiye da dā? Kina barin rana ta faɗi da shi? Ki haddace Yaƙub 1:19-20, ki kai sunan wanda ya ɓata miki rai gaban Allah kafin ki kai masa magana. Ki kuma nemi wata dattijuwa mai tsoron Allah a ikilisiyarku, kamar yadda Titus 2:3-5 ta tsara, ki ba ta izinin tambayarki kowane mako yadda kika yi da harshenki. Wurin wancan mutumin kuwa kada ki koma, kuma ki sanar da dattawan ikilisiyarku abin da ya nema a hannunki, don ba ke kaɗai ya faɗa wa haka ba.