Kayan birkin tirelar kwale-kwale, a ina ake samu?

Malam kace birkin tirelar da kake jan kwale-kwalenka da ita a Amurka ya ci tsatsa, kuma kamfanin da ya ƙera ta ya rufe, ina zaka samu kayan canji? Ka manta da sunan tirelar gaba ɗaya, masu ƙera ta ba su suke yin birkin ba, saye suke a wajen kamfanonin kayan birki irin su Dexter da UFP. Ka cire tayar ka auna diram ɗin birkin (ƙarfen nan mai zagaye da ke bayan tayar), in inci 10 ne da noti 4 a baya to yawanci aksul ɗin (ƙarfen da tayoyin ke kai) mai ɗaukar nauyin fam 3,500 ne, duk shagon kayan tirela zaka samu, ka tafi da tsohon boris ɗin a hannu saboda lambar na jikinsa.

Amma fa in ruwan gishiri kake shiga da ita kar ka yarda a baka birkin tirelar kaya don ya fi araha, ka nemi mai rufin galbanaiz, wato rufin da ke kare ƙarfe daga tsatsa. Ni na taɓa wannan ganganci, ko shekara bai yi ba silindar birkin ta kame, taya na ta hayaƙi a kan hanya wallahi. Kuma birkin hagu daban na dama daban ne, ka duba kafin ka biya.