Sanda da injin naɗi na jan fatsa: amsar tambayarka

Ɗana, saƙonka ya same ni a bakin ruwa nan Yauri, muna cikin ɗinkin kalli. Ka ce maigidan da ya ɗauke ka aiki a Legas ya damƙa maka kuɗi ka sayo sanda da injin naɗe zare, na jan fatsa a bayan jirgi can cikin teku. Ka shiga kanti kanka ya ɗaure, shi ne kake tambaya: "Baba, mai tsada zan ɗauka ko mai kauri?"

Mayar da kuɗin aljihu tukuna, ka koma ka tambayi maigidanka wane kifi yake nema. Kifi shi ke zaɓar zare, zare ya zaɓi inji, sanda ita ce ta ƙarshe. Na yi shekaru a irin wannan jirgi kafin in dawo gida, kuma yawancin asarar da na gani daga juya wannan tsari ta fito.

Da laba ake auna ƙarfin zaren nan. Za ka ga an rubuta 20, 30, 50, 80 ko 130 a jikin kwali, a jikin inji, da kuma a gindin sanda. In kifayen teku irin su barakuda da ƙananan tuna ake so, laba 30 ta isa, wato wajen kilo 14. In ana sa ran babban tuna ko malin, kifin nan mai dogon baki kamar mashi, to daga 50 zuwa 80. Wanda ke da kuɗin kaya ɗaya tak, ni 50 zan ce ya ɗauka. Amma lambar nan ta zama ɗaya a duka ukun. Zaren 80 a kan sandar 30, ranar da babban kifi ya zo sandar ce za ta tafi.

Yanzu buɗe kunnenka, don nan ne kan maganar. Kashi biyu cikin uku na kuɗin nan a kan inji za ka kashe su, kuma abin dubawa a inji shi ne birkinsa. Mu a gida mun saba da mamari: ka ɗana, ka tafi, da safe ka zo ka ɗaga. Jan fatsa ba haka yake ba. Jirgi na tafiya kamar kilomita 11 zuwa 15 a awa, kifi ya fizgi ƙugiya ya juya da gudu, ƙarfi biyu sun haɗu a kan zare ɗaya. Birki ne ke sakin zaren a hankali don kada ya tsinke, yana kuma gajiyar da kifin. Ɗauki irin injin da ke zama a saman sanda, ba mai rataye a ƙasa irin na jifa ba. A cikinsu akwai mai birkin tauraro, wato ƙarfe mai siffar tauraro da ake murɗawa, kamar Penn Senator, mai sauƙin kuɗi da jure wahala, akwai mai birkin hannu da ake turawa gaba da baya kamar Shimano Tiagra ko Penn International. Na fi son mai hannun, don da ido kake ganin inda birki yake ko kana tsakiyar kokawa. Kwarkwaronsa kuma, wato inda zare ke naɗewa, ya ɗauki zare aƙalla mita 400.

A cikin kantin, ɗaura birki kaɗan ka ja zaren da hannunka. Ya fito sumul, ba tsayawa ba fizga. In ka ji yana cijewa yana saki, ajiye shi ko da kyauta ne. Bayan ka saya, nemi sikelin rataya irin na masu awon kifi a kasuwa, ɗaure bakin zare a ƙugiyarsa, ja, ka daidaita birki a kan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren. A zaren laba 50, wajen kilo 7 da rabi ke nan.

Ga abin da ban sani ba sai da ya ci ni. Wata rana kifi ya kwashi zarena har na fara hango gindin kwarkwaro, tsoro ya kama ni, na ƙara birki. Tas! Zaren ya dawo yana lilo a kan ruwa, ko bayan kifin ban gani ba. Ashe duk sa'ad da zare ke raguwa, naɗin na ƙanƙancewa, birki na ƙara ƙarfi da kansa. In kaurin naɗin ya koma rabi, ƙarfin ya ninka. A wannan lokaci sassautawa ake yi, direba kuma ya juya jirgi ya bi kifin. Har yau in na tuna ranar nan sai in ji abin a ƙirjina.

Sanda ba ta da dogon bayani. Gajeriya, ƙafa biyar da rabi zuwa shida, don doguwa kifi take ba wa ƙarfi a kanka. Ta faiba ta fi ta garafait jure buguwa a jirgi. Duba zobban da zare ke bi: goga auduga a ciki, in ta maƙale akwai tsaga, kuma tsagar nan za ta ci zare. Daga laba 50 zuwa sama, masu 'yar taya a ciki sun fi. Gindin sandar ya kasance da tsagi mai riƙe ta a ramin da ake kafa ta a gefen jirgi.

Kada ka manta da waya a gaban ƙugiya. Ka san yadda tsage ke datse zare a nan Kainji, to haƙoran barakuda haka suke. Kuma ruwan teku gishiri ne, ba irin namu ba: kullum kuka dawo ka ɗauraye inji da ruwan daɗi, ka goge, ka sassauta birki kafin ka ajiye.

In ka zo gida da sallah, roƙi maigidanka ya ara maka kayan. Za mu fita da asuba mu ja wa giwan ruwa a hankali, nesa da inda itatuwa suka nutse, in ga yadda hannunka yake a kan birkin nan. Mutanen gida duk suna gaishe ka.