Kar ka yi gaggawar murza makulli

Malam, ka ce Datsun 240Z ɗin marigayi Baba ta shekara 14 a ajiye, kana tambaya ko batir kawai za ka sa ka tayar. Allah ya jiƙansa, amma don Allah kar ka murza makullin nan tukuna. Fetur ɗin da ke tanki ya riga ya zama kamar danƙo, in ya shiga kafireta biyun nan ka jawo wa kanka aiki. A sauke tankin a wanke, a zubar da baƙin mai a sa sabo da filta, sannan a cire fulogi shidan nan a ɗiga mai kaɗan cikin kowace silinda a bar shi ya kwana biyu, sai bakanike ya juya injin da sifana a hankali, in ya juya to Alhamdulillah.

Birki shi ya fi ba ni tsoro wallahi, robobinsa sun bushe, tayoyin ma ko da zanensu bai cinye ba canza su. Ɗaga kafet ka duba ƙasanta, motar nan tsatsa na cinta sosai, ga ɓeraye da cin wayoyin wuta.

Kayan gyara gwada kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko ta Panteka a Kaduna, wasu kuwa sai an yi oda daga Amurka.