Idan motocin iri ɗaya ne, me ya sa Antonelli ya yi wa sauran fintinkau a 2022?

Tambaya: Malam, na fara kallon tseren Formula 1 ne kwanan nan, sai na ji ana cewa Kimi Antonelli na Mercedes ya yi suna tun a gasar Formula 4 ta Italiya a 2022. An kuma ce motocin wannan gasa duk iri ɗaya ne. To ta yaya yaro ɗaya zai yi ta cinye tsere haka? Kuma duk wanda ya lashe ta zai kai Formula 1 ke nan?

Amsa: Gaskiya aka faɗa maka, motocin iri ɗaya ne. A kakar 2022 kowane yaro ya shiga mota ƙirar Tatuus T421, da injin Abarth mai ƙarfin doki kusan 180, da tayoyin Pirelli. Shekarar ce ma aka fara amfani da wannan sabuwar ƙira, mai ƙarfen nan da ke kewaye kan direba don kare shi. Ba a yarda wata ƙungiya ta ƙera nata injin ba, balle ta ƙara masa ƙarfi. Gasar matakin farko ce ga yaran da suka baro tseren ƙananan motocin kart, kuma daga shekara 15 ake shiga.

Amma ka san tela biyu za su sayi yadi ɗaya a shago ɗaya, ɗinkin ya fito daban. Abin da doka ta bari a taɓa shi ne saiti: tsayin motar daga ƙasa, kusurwar fukafukanta, iskar taya, taurin sifirin. A nan ƙungiya irin Prema, wadda Antonelli ya yi wa tuƙi, take cin kasuwa. Ta daɗe tana zagaya filayen tseren Imola da Monza da Mugello na Italiya, tana da bayanan kowace kwana a kwamfuta, kuma tana saka yara da yawa a lokaci guda. Idan ɗaya ya fi sauri a wata kwana, injiniyoyi sai su ɗora bayanansa a kan na sauran, kowa ya ga inda ya taka birki da wuri. Ƙaramar ƙungiya mai mota ɗaya ko biyu ba ta da wannan gata.

Sai dai kada a tauye wa yaron haƙƙinsa. Rafael Câmara na Brazil ma a Prema yake, mota iri ɗaya, injiniyoyi gida ɗaya, amma na uku ya ƙare, bayan Alex Dunne na ƙasar Ireland. Antonelli bai fara kakar da ƙafar dama ba a Imola, duk da haka ya gama da nasara 13 a filaye bakwai da aka yi gasar, biyu daga cikin filayen a wajen Italiya, wato Spa a Beljiyam da Red Bull Ring a Ostiriya. A shekarar kuma ya haɗa da kofin Formula 4 na Jamus. A ganina babban makaminsa gwajin neman gurbi ne, wato gwajin sauri da ake yi kafin tsere don sanin sahun da kowa zai tashi. Tseren gajere ne, minti 30 da zagaye ɗaya, ba a tsayawa canjin taya, motoci kuma sukan haura talatin. Wanda ya tashi daga sahun gaba ya tsira daga turmutsitsin kwanar farko, inda yara 'yan shekara 15 ke gogar juna. Na farko maki 25 yake samu, na biyu 18, na goma ɗaya tak, don haka karo biyu ko uku kawai sun isa su ɓata wa mutum kaka.

Kashi na biyu na tambayarka kuwa, amsar a'a ce. Kafin a shiga Formula 1 sai an tara maki 40 na babban lasisin FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, zakaran Formula 4 kuma 12 kawai yake samu. Tun da aka fara gasar ta Italiya a 2014, Lance Stroll da Oliver Bearman da Antonelli sun lashe ta sun kai. Marcos Siebert na Ajantina ya doke Mick Schumacher a 2016, amma Schumacher ne ya kai Formula 1, shi bai kai ba. Haka a 2023: Kacper Sztuka na Poland ya ɗauki kofi, Ugo Ugochukwu, Ba'amurke wanda mahaifiyarsa 'yar Najeriya ce, ya zo na biyu, amma Arvid Lindblad da ya zo na uku shi ƙungiyar Red Bull ta Formula 1 ta ci gaba da turawa sama.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kaka ɗaya a babbar ƙungiya tana cin dubban ɗaruruwan yuro, mataki na gaba kuma ya fi tsada. Antonelli yana ƙarƙashin kulawar Mercedes tun 2019, yana ɗan shekara 12 yana tuƙa kart. Da ya ci Formula 4 sai aka kai shi gasar Formula Regional ta Turai, ya cinye ta a 2023, aka tsallake da shi Formula 3 zuwa Formula 2, sannan a 2025 ya gaji kujerar Lewis Hamilton.