Kyamarar ribas ga doguwar mota: mai waya ko marar waya?

Malam, ka tambaya wace kyamarar ribas ta dace da doguwar motarka mai ɗakin kwana. Sayi mai waya. A doguwar mota sigina ta marar waya takan yanke, hoto ya tsaya cak daidai lokacin da ka kusa katanga. Duba ko an rubuta IP68 a jikinta, wato alamar cewa ruwa da ƙura ba sa shigarta, saboda ruwan Agusta da ƙurar hunturu.

Ka sa mai wayarin ya jona ta da wayar fitilar ribas, don ta kama da zarar ka sa giyar ribas. A kafa ta sama, tana kallon ƙasa har kana ganin bamba. Ta bas ɗina ƙasa aka fara sa ta a Sabon Gari, laka ta rufe ta tun ban kai Samaru ba.