Siririn ƙashin ƙwauri: likita na amsa tambayoyinku

Tambaya daga wani ɗan kabu-kabu a unguwar Zariya: Likita, moto ya danne mini ƙafa, gefen waje ya kumbura, amma ina takawa. Abokaina sun ce tunda ina tafiya ba karaya ba ce.

Malam, kada ka biye musu. Tsakanin gwiwa da idon sawu ƙashi biyu ne. Babban na gaba, wanda ke sa ka ihu in ka buge ƙwauri, shi ke ɗauke da kusan duk nauyinka. Siririn na gefen waje, da muke kira fibula, rabonsa bai wuce kashi 1 cikin 6 ba, shi ya sa mutum kan karye a nan ya ci gaba da ɗingishi. Je a yi maka radiyo, wato hoton ƙashi. In karayar ta kusa da ƙullutun idon sawu na waje ce, ba a wasa da ita, don wannan ƙullutun shi ne ƙarshen ƙashin, shi ke tokare da gaɓar.

Wata uwa daga Tibiri: An yi wa ɗana ɗori a ƙasan gwiwa. An kwance, amma yanzu ba ya iya ɗaga tafin ƙafarsa, takalminsa ma sullewa yake.

Hajiya, shafa gefen gwiwarki ta waje, ɗan ƙasa kaɗan, za ki ji wani tudu. Kan siririn ƙashin ke nan. Daf da shi wata jijiya ta kewaye wuyan ƙashin, fata kawai ta rufe ta, kuma ita ke motsa tsokokin da ke ɗaga ƙafa da yatsu. Karayar kan taɓa ta, karan ɗori da aka tsananta ɗaurewa ma haka. Ba raina maɗora nake ba, amma wannan wuri ba ya son matsi. Ki kai shi asibiti cikin makon nan. Jinkiri na rage damar farfaɗowar jijiyar.

Wani ɗan kokawa daga Madarunfa: Bayan idon sawuna na waje ke zafi in na kafe ƙafa a yashi.

Tsoka biyu ce ta fito daga jikin wannan ƙashi, igiyoyinsu suka zagaya ta bayan ƙullutun. Gajerar ta tsaya a gefen ƙafa, wajen ƙaramin yatsa, doguwar ta ratsa ƙarƙashin tafi har ɓangaren babban yatsa. Su ke hana ƙafa gurɗewa, kai kuwa ka gajiyar da su. Huta da kokawa mako biyu. In kana jin abu na tsallake ƙashin, ƙas-ƙas, zo a duba ka.