Ƙwan diskus da ke yin fari kafin kwana biyu: auna ruwanka tukuna

Assalamu alaikum. Ƙanena, na ga tambayarka tun shekaranjiya, na dakata ko manya za su tanka, da na ji shiru na ce bari in sa baki. Ka ce diskus ɗinka biyu, wato kifin adon nan da ake kiwo a akwatin gilashi, sun ware kansu daga sauran, sun yi ƙwai har sau huɗu a jikin gilashi, amma duk karon ba a kwana biyu sai ƙwan ya yi fari fat, iyayen su bi su lashe. Kana tambaya ko akwai maganin da za ka zuba, ko kuwa ka kwashe ƙwan ka rene shi da kanka. Shekarata ta shida ke nan da kifin nan a gidana da ke unguwar Ali Ɗan Sofo a Maraɗi, har yara sun raɗa masa suna faifai saboda faɗinsa, kuma abin da kake faɗi na sha shi kusan shekara guda cur kafin in ga ɗa ko guda yana iyo.

Kar ka sayi magani yanzu. Za ka bar jaki ka koma dukan taiki.

Da farko tabbatar cewa miji da mata gare ka. Diskus mata biyu sukan haɗa kai idan babu namiji, su share wuri, su yi ƙwai, su tsare shi kamar gaske, kuma wannan ƙwai ko shekara ya yi ba zai fashe ba. Ranar da ka ga suna goge gilashi da baki suna karkaɗa jiki, ɗauko kujera ka zauna nesa kaɗan. Mace tana hawa daga ƙasa zuwa sama tana jera ƙwai layi-layi, namiji ya bi bayanta ya shafa layin bai ajiye komai da ido ke gani ba. In ka ga kowa ya wuce sai ƙwai ya ƙaru, to mata ne duka. Bututun da ke fitowa ƙarƙashin ciki lokacin ma yana nunawa, na mace mai kauri ne marar tsini, na namiji siriri mai tsini. Sannan ba ka faɗi shekarunsu ba. Mace tana iya fara ƙwai tana da wata 10 zuwa 12, namiji kuwa sau da yawa sai ya haura shekara, wani har wata 18, kafin ya iya aikinsa. Idan sa'o'in juna ne ka saye su tare, yana yiwuwa angon ne bai isa ba tukuna.

In duk wannan ya yi daidai, to mu zo ga inda gizo ke saƙa, wato ruwa. Asalin kifin nan daga kogin Amazon ne a Kudancin Amurka, mafi yawa ƙasar Birazil. Wanda aka fara bayyanawa a littattafan masana, a 1840 ta hannun Johann Heckel, daga yankin Riyo Negro ya fito, kogin da ruwansa ya yi kalar shayi saboda ruɓaɓɓen ganye, kuma kusan babu gishirin ƙasa a cikinsa. Waɗanda muke saye ba daga daji aka kamo su ba, a gonakin kifi na Malesiya da Tailan aka haife su, shi ya sa babban diskus yake rayuwa lafiya lau a ruwan famfo, ya ci, ya yi ƙiba, har ya yi ƙwai. Ƙwan ne bai manta asali ba. A ruwa mai nauyi, wanda ke ɗauke da sinadarin farar ƙasa da yawa, yawancin ƙwan ba ya kamawa, sai ya mutu ya yi fari, fumfuna ta hau shi, iyaye kuma su cinye don ba sa barin ruɓaɓɓe a gabansu. Kai kana ganin mugunta suke yi, su shara suke.

Leƙa cikin butar da ake dafa ruwan shayi a gidanku. In akwai farin ɓawo a gindinta, ka samu rabin amsarka. Sauran rabin sai ka sayi ɗan ma'aunin nan mai kama da biro da ake kira TDS, mai auna yawan gishirin ƙasa da ya narke a ruwa, masu sana'ar piyawata sun san shi. Kowane gida da nasa ruwan, na famfo daban, na rijiyar burtsatse daban, don haka kar ka ɗauki lissafin maƙwabci. Ni dai sai da na sauko da ruwan akwatin haihuwa ƙasa da 100 a ma'aunin, pH kuma, wato awon tsamin ruwa, tsakanin 6 da 6.5, sannan na fara ganin baƙin ɗigo biyu na idanu a cikin ƙwai.

Hanyar saukowar biyu ce a nan garin. Ta farko ruwan da aka tace da injin osmos mai cire gishirin ƙasa daga ruwa, ko ka sa ƙarami a gida ko ka riƙa saye bido-bido wurin mai tacewa, amma ka auna da kanka, don ba duk mai cewa yana da injin ba ne injinsa ke aiki. Ta biyu ruwan sama. Ni nakan tara shi a watan Agusta, lokacin da sararin sama ya wanku daga ƙura, kuma ba daga indararon kwano ba, saboda sinadarin da ake shafa wa kwanon rufi guba ne ga kifi. Sabuwar leda mai kauri nake shimfiɗawa a tsakar gida, in karkata ta zuwa bakin tuku na roba, in rufe. Ko wanne ka samu, kar ka zuba shi zalla. Ruwan da babu komai cikinsa pH ɗinsa yakan faɗi dare ɗaya ya ƙone kifi. Ina haɗa kashi uku nasa da kashi ɗaya na famfo wanda ya kwana da iska tana busa shi don warin jabel ya fita, in auna, in ƙara ko in rage. Kuma a hankali za ka canza masu, cikin mako guda ko fiye, ba ka juye masu sabon ruwa rana ɗaya ba.

Ka raba su da sauran kifin. Akwati na lita 100 zuwa 120 ya isa, mai ɗan tsawo sama, babu yashi babu tsakuwa, sai matacin soso mai aiki da iska da kuma wani abu a tsaye da za su yi ƙwai a kai. Akwai mazurarin yumɓu da ake sayarwa don haka, amma guntun tiyo na roba mai kauri da aka wanke tas yana yi. Lokacin da suke cikin jera ƙwai nakan rage iskar sosai na kamar awa guda, don kada motsin ruwa ya kwashe ruwan namiji kafin ya kai.

Zafin ruwa 28 zuwa 30, kuma tsayuwarsa wuri ɗaya ta fi lambar muhimmanci. A nan ne Maraɗi take gwada mutum. A Afrilu da Mayu ruwa yana haura 33 ba tare da ka kunna komai ba, ruwa mai zafi kuma ba ya riƙe iska, sai ka ga kifi a sama suna haki. Ni na daina neman haihuwa a watannin nan, nakan sa ƙaramar fanka tana busa saman ruwa, in bar su su huta. Abin da ya ƙafe kuma da tataccen ruwa ake mayar da shi, don ruwa ne ke tashi, gishirin yana nan. Hunturu kuwa ya taɓa yi mani ɓarnar da ban manta ba. Wani Janairu ina da 'ya'ya wajen saba'in kwanansu biyar da fara iyo, aka ɗauke kuran da tsakar dare, hita ta mutu, iska ta tsaya, na tashi da asuba na tarar ruwa ya yi sanyi ƙalau, babu ko ɗaya. Tun daga ranar injin iskata a kan batir da fanon sola yake, kuma na liƙa kwalin farar roba irin wanda ake naɗe firigo da shi a gefe uku na gilashin, da bargo ajiye kusa. Ka bar masu ɗan ƙwan fitila marar ƙarfi duk dare, shi ma a kan batir, domin duhu kwatsam yana firgita iyaye su haɗiye 'ya'ya. Yara ma a hana su buga gilashi, baƙi kuma su yi haƙuri da kallo daga bakin ƙofa.

Maganar kwashe ƙwai ka rena da kanka, ban ba ka shawara ba. Diskus ba tilafiya ba ne ko tarwaɗa. Ƙwan yana fashewa bayan awa 50 zuwa 60, 'ya'yan su yi kamar kwana uku manne da jikin tiyo suna kaɗa jela, iyaye suna ɗaukarsu da baki suna sauya masu wuri, wanda bai sani ba sai ya ce ci suke. Da sun fara iyo, abincinsu na farko wani yauƙi ne da fatar uwa da uba ke fitarwa, shi ne nononsu. Za ka ga iyayen sun yi duhu, 'ya'ya sun lulluɓe gefen ɗaya suna tsattsaga, in ya gaji ya girgiza jiki ya watsa su kan ɗayan. Na ga abubuwa a kiwo, daga tattabaru har awaki, ban ga abin da ya kai wannan sa mutum ya ce Subhanallah ba. Masu gonaki suna da dabarar rene su da kwaiduwar ƙwai, amma aiki ne na ciyarwa da canza ruwa sau da yawa a yini, ba na mai zuwa kasuwa ba.

Ba ka faɗi launin naka ba. In ja-ja ne ko ruwan ɗorawa masu farin jiki, irin jinin da aka fitar a Tailan, waɗannan ba sa yin duhu, kuma 'ya'ya duhu suke bi. Sai ka ga sun tafi sun manne wa baƙin soso suna mutuwa da yunwa uwa na gefe. Maganinsa ka cire duk wani baƙin abu daga akwatin, ka rage ruwa har ya kusa tsawon iyayen, yadda duk inda ɗa ya juya zai ci karo da su.

Daga kwana na biyar da fara iyo nake ƙara masu 'ya'yan artemiya, wata 'yar mitsitsiyar halittar ruwan gishiri da ƙananan kifi ke ci. Ƙwansu a gwangwani yake zuwa kamar garin barkono, ni daga Kano ake kawo mani. Cokali biyu na gishiri marar ayodin a lita guda ta ruwa, da iska mai ƙarfi, cikin awa 24 sun fashe. Ka sa gwangwanin a firigo, zafinmu yana kashe shi. A mako na uku ka raba 'ya'yan da iyaye, don a lokacin haƙoransu sun fara ji wa iyayen ciwo, za ka ga ma suna guje masu. A tsakanin mako na uku da na biyar ne kuma tsutsar da ke kama wurin numfashi take kashe su ɗaya bayan ɗaya, daga iyaye suke ɗaukarta. In ka ga suna haki suna goga kai, a nan ne magani yake da amfani, prazikwantel, ka nemi likitan dabbobi ya auna maka.

Abincin iyayen kuwa, ni zuciyar sa nake saye wurin mahauci, in cire kitse da jijiya sarai, in niƙa da ɗan alayyafo, in baje a leda ta daskare, in riƙa gutsurowa. Tana sa mace ta cika da ƙwai, amma tana ɓata ruwa da wuri, duk abin da ya kwanta ƙasa bayan minti goma ka zuƙe shi da tiyo, ka canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kullum da wanda zafinsa da awonsa suka yi daidai. Tsutsar sauro ma suna sonta ƙwarai, sai dai uwargida ta kafa mani doka a kan tukun da nake tara ta, kuma gaskiyarta.

Ko komai ya daidaita, sababbin ma'aurata sukan cinye na farko da na biyu, nawa sai a karo na uku bayan gyaran ruwa suka riƙe. Tunda naka suna yi kusan duk mako, ba ka da nisa da wata damar. Ɗauki bidiyo daga gefe ranar da za su sake, ka turo mani da awon ruwanka. In ba ka samu ma'aunin ba, zuba ruwan akwatin da na famfonka a kwalba biyu masu tsabta ka kawo mani bayan La'asar ranar Juma'a, mu auna da nawa.